Kumburin tantanin huhu sakamakon magani

Kumburin tantanin huhu sakamakon magani wani yanayi ne da siririn tantanin da ya lulluɓe huhu yake kumbura, ko ruwa ya taru a tsakanin shimfiɗunsa biyu, ko kuma ya yi kauri ya taurare, a dalilin wani magani da mutum yake amfani da shi don wata cuta daban. Manyan alamominsa su ne ciwon haƙarƙari mai suka wanda ke ƙaruwa idan an ja numfashi, da busasshen tari, da ƙarancin numfashi, wani lokaci kuma da zazzaɓi. Magungunan da aka fi danganta shi da su sun haɗa da nitrofurantoin, amiodarone, methotrexate, hydralazine, procainamide, bromocriptine da dasatinib.

Idan aka kwatanta shi da tarin fuka, nimoniya, gazawar zuciya da sankara, waɗanda su ne manyan dalilan taruwar ruwa a ƙirji, wannan yanayi bai cika faruwa ba. Sai dai babu wani gwaji guda ɗaya da ke tabbatar da shi. Gano shi ya dogara ne a kan sanin duk magungunan da mara lafiya yake sha da lokacin da ya fara shan kowanne, da kuma kawar da zargin sauran cututtuka. Idan an gane shi da wuri aka dakatar da maganin, galibi yakan warke. Idan kuwa aka ci gaba da shan maganin ba tare da an farga ba, tantanin na iya yin tabo na dindindin, ko a ɗora mara lafiya a kan jinyar cutar da ba ita ke damunsa ba.

Tantanin huhu da aikinsa

Kowane huhu yana cikin wata jaka ta siririn tantani mai shimfiɗa biyu. Shimfiɗa ta ciki tana manne da jikin huhun, ta waje kuma tana manne da cikin haƙarƙari da saman shamakin naman da ya raba ƙirji da ciki. Sunan wannan tantani a likitance pleura, kalma ce ta Girkanci mai ma'anar haƙarƙari ko gefen jiki. Tsakanin shimfiɗun biyu akwai ɗan ruwa mai santsi, wanda a lafiyayyen babban mutum bai wuce mililita 10 zuwa 20 a kowane gefe ba. Ruwan ne ke sa shimfiɗun su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba duk lokacin da huhu ya buɗe ko ya tsuke.

Ruwan yana tsattsafowa ne daga ƙananan jijiyoyin jini, sannan wasu ƙananan magudanai da ke jikin shimfiɗar waje su tsotse shi su mayar da shi cikin jini. Muddin abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, ruwa ba ya taruwa. Shimfiɗar ciki ba ta da jijiyoyin jin zafi, amma ta waje tana da su da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa kumburin tantanin yake zuwa da ciwo mai tsanani, alhali ciwon da ke cikin naman huhun kansa sau da yawa ba a jin zafinsa.

Siffofin cutar

Illar magani a kan tantanin huhu tana bayyana ta siffofi uku, kuma mutum ɗaya na iya samun fiye da ɗaya:

Busasshen kumburi: tantanin ya kumbura ya yi kaushi, shimfiɗun suna gogar juna, amma ruwa bai taru ba. Ciwo ne babbar alamarsa.

Taruwar ruwa: ruwa ya taru a gefe ɗaya ko a gefe biyu na ƙirji. Yana iya zama kaɗan, yana kuma iya kaiwa lita ɗaya ko fiye, har ya danne huhu.

Kauri da tauri: bayan watanni ko shekaru ana kumburi, tantanin ya yi tabo ya zama kamar ɓawo, ya hana huhu buɗewa yadda ya kamata.

A wasu magungunan tantanin kaɗai ke kamuwa. A wasu kuma abin yakan haɗa da naman huhu, ko jakar da ta lulluɓe zuciya, ko gaɓoɓi da fata.

Alamomi

Ciwon da ke zuwa da kumburin tantanin huhu yana da siffa ta musamman. Mai shi yakan ji kamar ana sukarsa a haƙarƙari, yawanci a gefe ɗaya, kuma sukar tana tsananta idan ya ja dogon numfashi, ko ya yi tari, atishawa ko dariya. Saboda haka yakan riƙa yin gajeren numfashi, ko ya kwanta a kan gefen da ke ciwo don rage motsinsa. Idan kumburin ya shafi ɓangaren da ke kan shamakin ciki, ana iya jin ciwon a kafaɗa, domin jijiyar da ke ɗauko saƙo daga wurin tana shiga laka ne a daidai wuya, inda jijiyoyin kafaɗa suke shiga.

Da ruwa ya fara taruwa, sukar takan ragu saboda shimfiɗun sun daina gogar juna. Wannan sauƙin yana iya yaudarar mara lafiya, domin a lokacin ne ƙarancin numfashi ke ƙaruwa, da farko idan ya yi tafiya ko ya hau bene, daga baya ko yana zaune. Sauran alamomin sun haɗa da busasshen tari, zazzaɓi, kasala, rama, ƙuraje a fata da ciwon gaɓoɓi.

Idan likita ya saurari ƙirji yakan ji wata ƙara mai kama da ta murza sabuwar fata, wadda ke fitowa daga gogayyar shimfiɗun. Inda ruwa ya taru kuwa, sautin numfashi yakan ragu, kuma idan an ƙwanƙwasa wurin da yatsa ba ya amsawa kamar yadda ƙirji mai iska yake amsawa.

Lokacin da alamomin ke bayyana ya bambanta ƙwarai. Wasu magungunan cikin sa'o'i ko kwanaki suke nuna illarsu, wasu sai an shafe watanni ko shekaru ana shansu lafiya. Daɗewa a kan magani ba hujja ba ce ta wanke shi daga zargi.

Yadda magani ke jawo kumburin

Akwai hanyoyi da dama da magani ke bi ya cutar da tantanin:

Borin garkuwar jiki. Jiki ya ɗauki maganin a matsayin baƙon abu ya yaƙe shi. Irin wannan yakan zo da sauri, tare da zazzaɓi da ƙuraje, kuma bai dogara da yawan abin da aka sha ba. Sau da yawa akan ga ƙaruwar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini mai suna iyosinofil a cikin jini da cikin ruwan ƙirji.

Lupus na magani. Maganin ya sa garkuwar jiki ta juya ta riƙa kai wa sassan jiki hari, ciki har da tantanin huhu da jakar zuciya da gaɓoɓi.

Guba kai tsaye. Maganin ko abin da ya rikiɗa ya zama a cikin jiki ya lalata ƙwayoyin halittar tantanin. Wannan yakan ƙaru da yawan magani da tsawon lokacin shansa.

Zaburar da ƙwayoyin da ke yin tabo. Wasu magungunan suna kunna ƙwayoyin halittar da ke saƙa zaren tabo, sai tantanin ya yi ta kauri a hankali.

Yoyon jijiyoyin jini. Bangon ƙananan jijiyoyin jini ya saki, ruwa mai furotin ya riƙa tsiyaya cikin ƙirji.

Akwai kuma magungunan da ke tara ruwa ko jini a ƙirji ba tare da kumburi ba. Kwayar minoxidil ta hawan jini da pioglitazone na ciwon sukari suna sa jiki ya riƙe ruwa, magungunan tsinka jini irin su warfarin kuma suna iya jawo zubar jini cikin ƙirji. Ana ambaton su tare da wannan yanayi saboda alamominsu na kama da juna.

Magungunan da ke jawo shi

Nitrofurantoin

Nitrofurantoin maganin ƙwayoyin cutar mafitsara ne da aka fara amfani da shi a 1953, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi rubutawa, musamman ga mata. Illarsa ga huhu iri biyu ce. Ta gaggawa takan zo cikin sa'o'i zuwa 'yan makonni da fara sha, da zazzaɓi, tari, ƙarancin numfashi da ciwon haƙarƙari, kuma ita ce aka fi ganin taruwar ruwa a cikinta. Takan lafa cikin 'yan kwanaki bayan daina maganin, amma idan aka sake shansa takan dawo da sauri. Ta biyu tana samun waɗanda suka yi wata shida ko fiye suna shansa kullum don hana ciwon dawowa. Ita wannan tabo take yi a naman huhu, kuma ba lallai ne ta warke gaba ɗaya ba.

Amiodarone

Amiodarone magani ne na daidaita bugun zuciya, wanda aka ƙirƙiro a Beljiyam a farkon shekarun 1960, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1985. Yana taruwa a cikin kitse, hanta da huhu. Illarsa ta fi faɗawa naman huhu, kumburin tantani da taruwar ruwa kuma sukan biyo baya. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon huhu tun asali, da masu shan miligiram 400 ko fiye a rana na tsawon watanni. Jiki yana ɗaukar kimanin wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya taru, don haka ko an daina shansa alamomin kan ɗauki lokaci kafin su gushe. Gane shi yana da wuya saboda masu shansa dama suna da ciwon zuciya, wanda shi ma yana tara ruwa a ƙirji.

Magungunan da ke jawo lupus

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita. Wasu magunguna suna haifar da wani nau'inta wanda ke gushewa idan an daina su. Waɗanda suka fi haɗari su ne procainamide na bugun zuciya da hydralazine na hawan jini, sai quinidine. Waɗanda haɗarinsu ya yi ƙasa sun haɗa da isoniazid na tarin fuka, methyldopa, chlorpromazine, minocycline, da alluran zamani na amosanin gaɓoɓi irin su infliximab da etanercept. Kumburin tantanin huhu ya fi zuwa da procainamide fiye da hydralazine.

Lupus na magani yakan bayyana bayan watanni ko shekaru ana shan maganin a jere, da ciwon gaɓoɓi da tsoka, zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Ya bambanta da lupus na asali ta yadda bai cika taɓa ƙoda ko ƙwaƙwalwa ba. A hydralazine haɗarin ya fi yawa idan ana shan fiye da miligiram 200 a rana. Gado ma yana da tasiri. Hanta tana sarrafa hydralazine, procainamide da isoniazid ta hanyar wani sinadari mai suna NAT2, kuma akwai mutanen da nasu ke aiki a hankali, sai maganin ya daɗe a jininsu. Irin waɗannan sun fi saurin kamuwa. Allurar hydralazine da ake yi wa mai ciki na kwana ɗaya ko biyu don saukar da hawan jini mai tsanani ba ta kai tsawon lokacin da lupus ke buƙata kafin ya bayyana ba.

Magungunan dangin ergot

Ergot wani naman gwari ne da ke fitowa a kan hatsin rai, kuma daga gare shi aka samo magunguna da dama. A cikinsu akwai methysergide da ergotamine na ciwon ɓarin kai, da bromocriptine, pergolide da cabergoline na cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki. Waɗannan su ne sanannun masu jawo kauri da taurin tantanin huhu, yawanci a gefe biyu, tare da ruwa ko ba ruwa. Suna yin haka ne ta hanyar kunna wata kafar karɓar saƙo mai suna 5-HT2B a jikin ƙwayoyin da ke yin tabo. Tabon na iya fitowa a bayan ciki kusa da bututun fitsari, ko a murafen zuciya.

Ana kuma ba da bromocriptine da cabergoline ga matan da sinadarin samar da nono ya yi yawa a jininsu har ya hana su al'ada ko haihuwa. Adadin da ake ba su ya yi ƙasa sosai da na masu cutar Parkinson, kuma yawancin rahotannin taurin tantani sun fito ne daga masu shan adadi mai yawa na dogon lokaci.

Magungunan sankara

Dasatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2006 don wani nau'in sankarar jini mai daɗewa, shi ne maganin da taruwar ruwa a ƙirji ta fi yawa a cikin masu shansa. A gwajin DASISION da ya kwatanta shi da imatinib, bayan shekara biyar an samu taruwar ruwa a kashi 28 cikin ɗari na masu shan dasatinib, alhali a masu shan imatinib bai kai kashi 1 ba. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon zuciya. An kuma lura cewa shan miligiram 100 sau ɗaya a rana ya fi sauƙin illa fiye da miligiram 70 sau biyu.

Methotrexate, wanda ake amfani da shi a sankara da amosanin gaɓoɓi, yana jawo ciwon haƙarƙari mai suka, musamman bayan an ba da adadi mai yawa ta jijiya, yana kuma jawo kumburin naman huhu. Gemcitabine, docetaxel da interleukin-2 suna tara ruwa ta hanyar yoyon jijiyoyin jini. Tretinoin da ake ba masu wani nau'in sankarar jini mai saurin tsananta yana iya haifar da zazzaɓi, kumburin jiki da ruwa a ƙirji a makonnin farko na jinya, kuma ana magance wannan da dexamethasone cikin gaggawa.

Sauran magunguna

Dantrolene mai sassauta tsoka, valproate na farfaɗiya da propylthiouracil na ƙululun maƙogwaro mai aiki fiye da kima, dukansu an san su da tara ruwa mai yawan iyosinofil. Clozapine na taɓin hankali yana iya kumbura tantanin huhu da jakar zuciya a lokaci guda. An kuma samu irin haka da sulfasalazine da mesalazine na kumburin hanji. Alluran zaburar da ƙwan mace da ake yi a jinyar rashin haihuwa kan sa ruwa ya taru a ciki da ƙirji idan kwan ya amsa fiye da kima, kuma ruwan ƙirjin ya fi zuwa a gefen dama.

Ganewa

Matakin farko shi ne cikakken lissafin magunguna: waɗanda likita ya rubuta, waɗanda aka saya a kemis ba tare da takarda ba, na gargajiya, da waɗanda aka daina sha a watannin baya. Ana duba ko alamomin sun fara ne bayan fara wani magani ko bayan ƙara yawansa. Zuwa asibiti da kwalayen magungunan yana taimakawa, domin magani ɗaya na iya zuwa da sunayen kamfanoni daban-daban.

Hoton ƙirji da aka ɗauka a tsaye daga gaba yakan nuna ruwa idan ya kai kimanin mililita 200, wanda aka ɗauka daga gefe kuma yana iya nuna kimanin mililita 50. Sikanin na sauti yana gano abin da bai kai haka ba, yana kuma nuna inda za a soka allura. Hoton CT yana nuna kaurin tantani da halin da naman huhu yake ciki.

Idan ruwan yana da yawa akan zuƙo shi da allura ta tsakanin haƙarƙari a kai ɗakin gwaji. Da farko ana tantance ko ruwan kumburi ne ko kuwa tsattsafin da ke zuwa da gazawar zuciya, hanta ko ƙoda. Ana amfani da ƙa'idojin da likitan Amurka Richard Light ya wallafa a 1972. Ruwan na kumburi ne idan aka samu ɗaya daga cikin uku: furotin ɗinsa ya wuce rabin na jini, ko sinadarin LDH da ke cikinsa ya wuce kashi 60 cikin ɗari na wanda ke jini, ko ya wuce kashi biyu cikin uku na iyakar sama ta LDH a jinin lafiyayye. Ruwan da magani ya jawo galibi na kumburi ne.

Bayan haka ana ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ruwan. Idan iyosinofil ya kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, zargin magani yana ƙaruwa, ko da yake shigar iska ko jini cikin ƙirji, da tsutsotsin ciki, da sankara duk suna iya jawo haka. Ana kuma neman ƙwayoyin cuta da ƙwayoyin sankara. Idan ana zargin lupus na magani akan yi gwajin jini na ANA da na sinadaran garkuwa masu yaƙar histon, waɗanda ake samu a mafi yawan masu lupus na procainamide da hydralazine. Wani lokaci sai an yanko ɗan tantanin an duba shi kafin a kawar da zargin tarin fuka ko sankara.

Hujja mafi ƙarfi ita ce samun sauƙi bayan dakatar da maganin. Ba a cika mayar da mutum kan maganin da gangan don tabbatarwa ba, saboda illar na iya dawowa da ƙarfi. Likitoci na amfani da ma'aunin Naranjo na 1981, jerin tambayoyi goma da ke auna yiwuwar cewa magani ne ya jawo wata illa, da kuma rumbun bayanai na intanet mai suna Pneumotox, wanda likitocin huhu na birnin Dijon a Faransa suka kafa don tattara magungunan da ke cutar da huhu.

Bambanta shi da tarin fuka

A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, ciki har da Najeriya, shi ne abin da ake fara zargi idan aka samu ruwan kumburi a ƙirji, musamman ga matasa. Tarin fuka na tantanin huhu yana da wuyar tabbatarwa, domin sau da yawa ba a ganin ƙwayar cutar a majina ko a ruwan da aka zuƙo. Saboda haka akan fara jinya bisa zato mai ƙarfi. Ruwan da dasatinib ke tarawa yana da yawan ƙwayoyin limfosayit kamar na tarin fuka, kuma zazzaɓi da rama da tari duk suna zuwa a yanayin biyu. Wanda ba a tambaye shi magungunansa ba yana iya shafe wata shida yana shan maganin tarin fuka, alhali abin da ke cutar da shi yana nan yana sha kullum. Gwajin sinadarin ADA a cikin ruwan yana taimakawa: idan ya wuce awo 40 a lita, tarin fuka ya fi kusa, idan kuma ya yi ƙasa sosai, sai a nemi wani dalilin.

Akwai kuma ruɗani ta ɗaya ɓangaren. Wasu masu jinyar tarin fuka kan samu sabon ruwa a ƙirji a makonni ko watannin farko na jinya, saboda garkuwar jikinsu ta farfaɗo tana yaƙar matattun ƙwayoyin cutar. Wannan ba illar magani ba ce, kuma ba a dakatar da jinya saboda shi. Lupus na isoniazid yana faruwa, amma ba kasafai ba. Likita ne ke bambance su, domin yanke shan maganin tarin fuka a tsakiyar jinya yana jawo nau'in cutar da ba ya jin magani.

Magani

Tushen jinya shi ne dakatar da maganin da ake zargi da maye gurbinsa da wani. Likitan da ke kula da ainihin cutar ne ke yanke wannan shawara. Barin amiodarone, valproate ko clozapine kwatsam na iya dawo da rikicewar bugun zuciya, farfaɗiya ko taɓin hankali, wanda haɗarinsa ya fi na kumburin.

Ana rage ciwon da paracetamol ko magungunan kumburi irin su ibuprofen, idan babu gyambon ciki, ciwon ƙoda ko shan maganin tsinka jini. Idan alamomin sun yi tsanani, ko naman huhu ya kamu, ko sauƙi ya yi jinkiri, akan ba da prednisolone. A illar amiodarone akan ci gaba da shi na watanni ana ragewa a hankali, saboda maganin yana daɗewa a jiki. Ruwan da ya hana numfashi ana zuƙe shi, kuma yawanci ba a wuce lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, don kada huhun da ya daɗe a danne ya buɗe da sauri ya cika da ruwa.

A dasatinib, inda maganin ne ke riƙe da sankarar, akan dakatar da shi na ɗan lokaci, a ba da maganin fitar da ruwa ta fitsari ko prednisolone na 'yan kwanaki, sannan a dawo da shi a adadi kaɗan. Idan ruwan ya yi ta dawowa sai a koma wani magani na danginsa. Tantanin da ya taurare har ya shaƙe huhu wani lokaci sai an yi tiyata an ɓare shi.

Ana buƙatar zuwa asibiti nan take idan ciwon ƙirji ya zo da ƙarancin numfashi mai tsanani, tarin jini, suma ko leɓɓa su yi duhu, domin gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, bugun zuciya da fashewar huhu duk suna iya farawa da irin wannan ciwo.

Makomar mara lafiya

Nau'in da borin garkuwar jiki ya jawo yakan lafa cikin kwanaki. Alamomin lupus na magani sukan gushe cikin makonni, ko da yake gwajin jini kan ci gaba da nuna alamarsa na watanni. Ruwan da magungunan dangin ergot suka tara yakan janye, amma kaurin tantanin sau da yawa yakan bar saura. Wanda ya taɓa samun wannan illa ana rubuta sunan maganin a katinsa na asibiti, kuma ana son ya riƙa faɗa wa duk mai rubuta masa magani.

Rigakafi da kai rahoto

Hanyoyin rage haɗari sun haɗa da amfani da adadi mafi ƙanƙanta da zai yi aiki, da ɗaukar hoton ƙirji kafin fara amiodarone don a samu abin kwatantawa daga baya, da bibiyar masu shan nitrofurantoin na dogon lokaci, da sanar da mara lafiya alamomin da zai lura da su. A zamanin da ake yawan amfani da methysergide, ƙa'ida ita ce a huta da shi na mako uku zuwa huɗu bayan kowane wata shida.

Yawancin abin da aka sani game da waɗannan illoli ya fito ne daga rahotannin da likitoci da masu harhaɗa magunguna suka kai bayan magani ya shiga kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan illolin magunguna a 1968, kuma tun 1978 cibiyar da ke Uppsala a ƙasar Suwidin ce ke tattara rahotannin ƙasashe. Najeriya ta shiga shirin a 2004, kuma hukumar NAFDAC ce ke karɓar rahotanni daga ma'aikatan lafiya da sauran jama'a.

Tarihi

An fara ba da rahoton lupus na magani a 1945 game da sulfadiazine. Na hydralazine ya biyo baya a farkon shekarun 1950, jim kaɗan bayan fara amfani da shi, na procainamide kuma a 1962. A 1966 likitan ciwon kai John Graham na birnin Boston da abokan aikinsa suka wallafa bayanin tabon da methysergide ke yi a bayan ciki, ƙirji da zuciya. A tsakiyar shekarun 1970 aka janye practolol, wani maganin zuciya, daga amfanin yau da kullum a Birtaniya bayan an gano yana lalata idanu da fata, yana kuma taurara tantanin ciki da na huhu. A 2007 aka janye pergolide daga kasuwar Amurka saboda lalata murafen zuciya, wanda tushensa ɗaya ne da na taurin tantanin huhu.

Likitoci kuma suna amfani da irin wannan kumburi da gangan. Idan ruwa ko iska suka yi ta taruwa a ƙirji, akan zuba hodar talk, doxycycline ko bleomycin tsakanin shimfiɗun biyu don su kumbura su manne da juna, ta yadda ba sauran gurbin da wani abu zai sake taruwa.

Duba kuma

Huhu
Tarin fuka
Nimoniya
Lupus
Illolin magunguna